Ranar da Shafina Ya Kira Surukina da Sunansa

Ko da zan manta da komai a harkar gina shafukan intanet, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Ƙofar Sauri ba. Ranar ce na yi niyyar nuna wa surukina cewa sana'ata sana'a ce.

Shi dai Alhaji, mahaifin matata Zainab, shi ne shugaban wata ƙungiyar masu sayar da yadi. Tun da na auri 'yarsa, in aka tambaye shi aikina sai ya ce, "Yana dai danne-danne." Abin yana ci mini rai ƙwarai. Don haka da ƙungiyar ta nemi a yi mata shafin da 'ya'yanta kaɗai za su riƙa shiga su ga sanarwa da sababbin kaya, kuma Alhaji da bakinsa ya ce a ba ni, murna ta hana ni cin abincin rana (Zainab ta ce tunda take ba ta taɓa ganin na bar dambu ba).

Babban aikin shi ne zaɓen 'yar manhajar da ake jona wa shafi don ta yi wa mutane rajista ta kuma tsare ƙofa. Mu 'yan harkar, fulogin muke ce mata. Kwana huɗu ina gwada su. Wata kyauta ce amma nauyi gare ta, kafin ta buɗe a waya mutum ya sha shayi ya gama. Wata kuma tambayoyinta sun fi na neman aure yawa. Sai na ci karo da wadda ta tafi da imanina: tana barin ka rubuta gaisuwar maraba da Hausa, ita kuma ta saka sunan mutum da kanta. Na buga tebur na ce shi ke nan, dattawa za su ga shafi yana gaishe su!

Don gwaji sai na yi wa abokina Bashir rajista, mutumin da bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba. Na rubuta masa gaisuwar tsokana, muka yi dariya, na ce anjima zan canza. Kun dai san yadda anjima take.

Ranar ƙaddamarwa na sha shadda, na aro majigi na haska bango. Dattawa sun cika tabarmi, an yi gaishe-gaishe, an yi addu'a. Na tashi ina bayani har da ɗaga hannu, bakina ya ƙi rufuwa. Sannan na ce girmamawa ta sa shugaba ne zai fara shiga. A gurbin laƙabi na rubuta Alhaji, a gurbin suna na rubuta sunansa, na danna.

Ashe fulogin ɗin nan ba ruwanta da laƙabi. Sai ga rubutu ɓaro-ɓaro a bango: "Kai Lawal, sai yanzu ka ga damar zuwa? Shigo ka zauna, sarkin nawa!" A ƙasa kuma ga sunana, wai ni ne mai gaisuwa. (Ko yanzu da na rubuta sunan nan sai da na waiwaya.)

Dattawa suka zuba wa bango ido. Na yi ta danna madannai, kwamfuta ta ƙi motsi. Alhaji ya laluba aljihu ya ce, "Na baro tabarau gida. Mi aka rubuta ne? Karanta mamu."

Jama'a, ni da ko a bayan idonsa ban taɓa furta sunansa ba, ni za a ce in karanta wannan? Gumi ya jiƙa shaddar. Na ce, "Baba, ai... gaisuwa ce kawai."

"To a ji ta mana."

Sai Malam Isa, ma'ajin ƙungiya kuma abokin wasan Alhaji tun suna yara, ya gyara murya. Allah ya ba shi lafiyar ido. Ya karanta ta daki-daki, da ya zo kan sarkin nawa har ya maimaita. Dariya ta ɓarke, wani dattijo har hularsa ta faɗi. Ni kuwa na tsuguna ina neman wayar majigi in cire, na kasa gano ta.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "To, ga ni na shigo. Ina zan zauna?"

Da aka natsu ya tambaya ko na'urar da kanta ta san sunansa. Na ce e, Baba, kowa da nasa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe danne-dannen na da aiki. A koya mata ladabi, mu ci gaba."

Washegari na gyara gaisuwar, ta kai layi shida, har iyali da gajiya tana tambaya. Yanzu kafin in zaɓi kowace fulogin, abin da nake fara dubawa shi ne ko ta san Alhaji da Hajiya, kuma na daina gwaji da Bashir.

Ƙungiya na nan tana amfani da shafin, Alhaji ma ya daina cewa danne-danne, yanzu injiniya yake ce mini. Sai dai duk Juma'ar da na je gaishe shi, ina cire takalmi zai ɗago kai a gaban kowa ya ce, "Injiniya, sai yanzu ka ga damar zuwa?"