Rasuwar Rikambant, Keken da Ake Hawa a Kishingiɗe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Trifon, tsohon mai kiwon zuma, nake liƙa wannan sanarwa a jikin bishiyar bakin coci, cewa kekena Rikambant ya riga mu gidan gaskiya.

Wani Baturen Ingila mai yawon duniya ne ya bar mini shi da gwiwarsa ta gaza a ƙauyenmu. Shi ya ce mini sunan yana nufin wanda ya kishingiɗa, kuma ko a can ba a cika faɗarsa ba, sai dai a kan gumakan dutse da ke kwance bisa kaburburan manya, sai irin wannan keke. Marigayi bai taɓa sa ni sunkuyo ba. A kansa na san gajimare ɗaya bayan ɗaya, na faɗa kwata sau da dama ban ji haushi ba. Idan muka wuce yana "ƙii, ƙii", Nedyalka, wadda mijinta ya rasu, takan bar shanya ta ɗago mana hannu. Mu biyu kawai take ɗago wa.

Daren Laraba na ji "ƙii, ƙii" ɗin nan yana nisa da ƙofata, alhali ina kan gado. Na ɗauka mafarki ne. Da safe aka tsince shi a ƙofar Nedyalka, bayansa a karye. Ƙato ɗaya ne a ƙauyen nan mai nauyin da zai yi wannan aika-aika, kuma Zahari mahauci tun ranar yake ɗingishi yana murmushi. A kwandon marigayi akwai fure uku. A ƙauyenmu kowa ya sani fure uku kyautar mai rai ce, matattu kuwa bibbiyu ake kai musu.

Marigayi ya bar ƙararrawa, da famfon iska, da ni.

Za a yi jana'iza ran Asabar a bayan amyoyin zumata. Akwai dafaffiyar alkama da giyar inabi. Na ƙara fure ɗaya a kan ukun Zahari, sun zama huɗu, marigayi zai tafi da su. Ba a gayyaci mahauta ba. An ajiye wa Nedyalka kujera kusa da tawa.

Ina cikin liƙa takardar nan, maƙwabciyata Iya Donka ta karanta, ta dubi mutanen da suka taru.

"To Trifon, keke dai a ƙofar Nedyalka ya kwana. Shi mahayin fa, a ina?"