Ƙafar Kwaɗon da ta Kore Ni Daga Aji

Ba na jin zan taɓa mantawa da daminar da na fara koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata a Jos, wajen 1978. Sabon malami ne ni, ga taurin kai, ga iyayi. Sai aka ce sufeto zai zo ya ga darasina, kuma abin da ya rubuta shi zai sa a tabbatar da ni ko a sallame ni.

Na zaɓi darasin yadda tsoka ke tsukewa ta saki. A littafi na karanta cewa ƙwayoyin tsoka ba sa mutuwa nan take, in aka barbaɗa gishiri a ƙafar kwaɗon da aka feɗe, jijiya za ta harba, ƙafar ta motsa. (Ban taɓa gani da idona ba, amma wa zan gaya wa?) Na samo kwaɗo daga wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika a bayan makarantar, na feɗe shi, na jera ƙafafun a tire.

Ina ajiye tiren a aji ina faɗin inda na samo kwaɗon, wata ɗaliba mai suna Ladi ta ce a hankali, "Malam, ba a taɓa abin ramin nan. Leburori sun nutse a ciki, har yau ba a ga gawarsu ba."

Na yi dariya na ce kimiyya ba ta san wannan ba.

Hadari ya haɗo, ajin ya yi duhu, ba wuta. Sufeto Mista Dung na zaune a baya da kwat ɗinsa. Na barbaɗa gishiri. Shiru. Na ƙara. Ƙafafun na kwance fari fat kamar yatsun jariri. Don in rufe kunya na juya wajen allo na hau rubuta bayanin, iska na kaɗa taga.

Can na ji ƙwas a bayana. Ƙwas, ƙwas, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa daga ƙarƙashin ƙasa. Na waiwaya. Ƙafafu ba kai, ba ciki, suna miƙewa suna lanƙwashewa, ɗaya ta ja kanta har bakin tiren, ta ɓangarena.

Ban san lokacin da na yar da alli ba. Na dai tsinci kaina a tsakar makaranta cikin ruwan sama, ina jero duk addu'ar da na iya, takalmi ƙafa ɗaya.

Mista Dung ya leƙo ta taga. "Malam, gwajinka ya yi kyau. In ka gama, yara na jiran bayani."

An tabbatar da ni, amma har na bar makarantar Malam Kwaɗo ake kirana. Tun daga ranar, duk gwajin da zan yi gaban jama'a sai na fara yin sa ni kaɗai, da rana tsaka, kuma ƙofa a buɗe.