Sawun Jariri a Gidan Ba'indiye

Ba zan taɓa mantawa da gudun da na yi daga Parakou ba, 'yan shekaru bayan Faransawa sun tafi. Lokacin ina tuƙa kamiyon ɗaukar kaya na wani Ba'indiye mai sayar da yadi, muna ce masa Patron. Mutumin kirki ne, amma gidansa bai kwanta mini a rai ba. Sau biyu a wata matarsa, Madam, takan wuni ba ta ɗanɗana hatsi ba, tana zaune gaban hoton wata mace mai hannu huɗu, leɓɓanta na motsi. Direbobin tasha suka ce irin wannan dukiyar sai da jinin mutum. (A gabansu na yi dariya, amma na daina cin alewar gidan.)

Ran nan Patron ya ba ni sabuwar riga fara fat, ya ce in sa ta in zo gida da magariba.

Na tarar da ƙofa a buɗe, ba kowa. Ƙananan fitilun kasko jere a ƙasa, kan katanga, har bakin rijiya, wutarsu ko motsi ba ta yi. A dokin ƙofa ga sawun ƙafa ƙanana farare, kamar na jariri, duk sun shiga ciki, babu wanda ya fito. Can ƙurya ƙararrawa na kaɗawa a hankali. Sai Madam ta ɓullo da tire, wani jan abu a yatsarta, ta nufo goshina.

"Matso, kai kaɗai muke jira," in ji ta.

Na kurma salati, na tattake fitilu, na haura katanga alhali ƙofa na buɗe. Washegari ina garinmu Djougou, ina ba Baba labarin yadda na tsira daga yanka.

Baba tsohon falken goro ne, ya zauna da Indiyawa a Kumasi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sa hularsa, ya tasa ni gaba zuwa mota, ni da gemuna da 'ya'yana biyu a gida.

Da muka koma Parakou, a cikin kantinsa, gaban masu ciniki, Patron ya yi bayani. Diwali ce, sallarsu ta fitilu. Sawun, Madam ce ta zana da garin shinkafa don arziki ya shigo gida. Jan abin kuwa hoda ce da ake shafa wa baƙon da ake girmamawa. Azuminta na ran sha ɗaya ga wata ne, da kuma ran sha ɗaya bayan wata ya fara raguwa. Abincina har ya huce suna nemana a unguwar Titirou.

Madam ta dube ni, ba ta ko yi fushi ba.

"Mu da ko kaza ba ma yankawa, da kai za mu fara?"

Kanti ya ɗauki dariya, har da Baba.

Aikina dai bai tafi ba, mutuncina ne ya daɗe bai dawo ba. Tun daga ranar nakan yi tambaya kafin in ruga, don duk tsawon tambaya ba ta kai hanyar Djougou ba.