Ranar da Na Soya Azurfar Inna

Ba zan taɓa mantawa da ƙullin nan guda uku ba, ko da na so mantawa ma, maƙerin unguwarmu ba zai bari ba.

Tun kafin abin ya faru ina cikin fargaba. Ummi, 'yata ta fari, fatarta ba ta jituwa da ƙarfen banza. Ɗan kunnen kasuwa da aka saka mata bayan suna, kwana huɗu kunnen ya kumbura ya fara ruwa. Tun daga nan duk abin da zai taɓa jikinta sai na juya shi na shinshina.

Ana haka surukata Inna ta zo daga Baure, ta miƙo mini wani tsohon ɗankwali mai ƙulli uku.

"Karyayyun kayan azurfar mahaifiyata ne," in ji ta. "Tunda sunanta yarinyar ta ci, ita ta fi cancanta. Ki adana, 'yar nan. Ran Asabar zan dawo mu kai wa maƙeri ya yi mata awarwaro biyu."

Adana kawai aka ce. Amma tana fita na kwance. Ƙulli na farko guntayen munduwa ne farare tas. Na biyu zobba ne da suka ɗan yi ja-ja a gefe. Na uku wasu dunƙulalle ne masu toka-toka, masu nauyi, har farce yana shiga cikinsu. Na ce lallai waɗannan su ne na asali, tunda sun fi nauyi. Jajayen nan kuwa suka hana ni sukuni. Na tabbata akwai gauraye a ciki, kuma a hannun Ummi zai ƙare. In maƙeri ya yi ganda bai tace ba fa? Wa zai sani?

Sai dabara ta zo mini. Ni dai karatuna bai yi nisa ba, amma na iya soya man shanu: ka narkar, datti ya kwanta a ƙasa, ka tsiyaye mai kyau. Na ce azurfa ma ai haka ce.

Na jira Baban Ummi ya fita, ita kuma ta yi barci a ɗaki. Na hura gawayi a tsakar gida, na ɗora ƙaramin kaskon da nake suyar man, na juye ƙullin ukun gaba ɗaya (albasa ce kawai ban yanka ba). Na yi fifita har kafaɗata ta sage. Masu nauyin nan suka narke nan da nan, na ce alhamdu lillahi. Sauran kuwa ko gezau. Ruwan toka-tokan ya bi ya lulluɓe su, wani wari ya tashi. Na ɗauki ludayi na juya. Da na sauke ya huce, sai ga wani dunƙule baƙi ƙirin, ya manne a kasko kamar ƙanzon tuwo.

Na goga da toka. Na jiƙa da tsamiya. Na sa wuƙa, bakin wuƙar ya lanƙwashe. Kwana uku ina cusa kaskon ƙarƙashin gado, ina kallon hannun Ummi ina share hawaye. Kayan matar da ta rasu, wanda aka adana tun kafin a haife ni, ni na gama da shi da ludayi.

Ran Asabar Inna ta ce, "Ɗauko ɗankwalin mu tafi."

Na ce, "To, Inna." Na goya Ummi, na saka kaskon cikin hijabi. Muka kama hanyar maƙera.

Maƙerin dattijo ne, Baba Ilu, rumfarsa cike da mata masu jiran gyaran zobe. Ya miƙo hannu. Na fito da kasko.

Ya duba kaskon, ya dube ni, ya gyara tabarau. "'Yata, nan maƙera ce. Mai waina tana gaba."

Inna ta leƙa. "Mene ne wannan?"

"Azurfar ce, Inna," na faɗa ina kallon ƙasa. "Tacewa na yi."

"Da me?"

"Yadda ake man shanu."

Wata mata ta ƙyalƙyale har zobenta ya faɗi. Baba Ilu ya ce, "An sa gishiri, ko mu ƙara?" Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige da goyona.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce a hankali, "Na farkon tsantsa ce, ba ta bukatar komai. Na biyun ce mai tagulla. Na ukun ba azurfa ba ce sam, dalma ce, maƙeri ke tace ta biyun da ita. Shi ya sa na raba su."

Fuskar Baba Ilu ta canza da jin dalma. "Yarinyar tana bayanki lokacin?"

"Tana ɗaki tana barci."

"Kin ci sa'a. Hayaƙin nan guba ne ga yaro. Kaskon da ludayin kada su sake ganin abinci."

Nan na zauna a ƙasa, na kwanto Ummi na rungume ta.

Ya sa muka koma can inuwar bishiya. Ya ɓamɓare dunƙulen da guduma, ya ɗora a wani ɗan kwano na tokar ƙashi, ya yi ta zuga. Daga nesa nake hange. Bayan an daɗe ya yafito mu. Tokar ta shanye dalmar da dattin duka, a tsakiya ga wani abu fari yana sheƙi kamar ƙwan kurciya.

"Ta ragu," in ji shi. "Biyu ba za su fita ba. Ɗaya dai, mai kyau."

Inna ta ɗauki hannun Ummi ta auna da yatsa. "Ɗayan ya isa. Hannu ɗaya take tsotsa dama." Sannan ta juyo gare ni. "Da kin tambaye ni, 'yar nan. Ba na cizo."

Wata shida ke nan awarwaron yana hannun Ummi, ko ƙurji ɗaya bai fito ba. Kaskon kuwa Baba Ilu ya rataye shi a rumfarsa, duk sanda na wuce sai ya ɗaga murya: "Mai suya, yau ba azurfa?"

Don Allah 'yan'uwana mata, kada ku narkar da kowane irin ƙarfe a gidan da yaro yake. In kuma tsohuwa ta ba ku abu a ƙulle daban-daban, ku daure wa kunya ku tambaye ta dalili kafin ku kwance.