Izinin Kwana Talatin

A Gangaren Tsauni akwai wani bawan Allah, Nomau, wanda ba ya ƙara wa magana ko gishiri: yadda aka faɗa masa, haka zai yi. Daga shi sai mahaifiyarsa, Inna Tabawa, sai ƙanensa Sagiru, wanda ya dawo bayan shekara tara da akwatin rediyo mai aika magana. Hukuma ta ba Sagiru izinin gwaji na kwana talatin. In wata tasha ta amsa masa, a sabunta. In ba haka ba, ya rantse zai sake barin gari.

Wata rana Sagiru ya miƙa masa takardar izinin. "Yaya, riƙe ta a jikinka. Kada ruwa ya taɓa ta." Nomau ya ɗaure ta a ƙirji, ya daina wanka. A masallaci sahu ya riƙa yi masa faɗi.

Wata rana Sagiru ya ce, "Zauna gaban akwatin, duk abin da ka ji ka faɗa mini. Amma kada ka yi magana a ciki, sai mai izini." Da yamma Nomau ya kawo rahoto: "Zakara sau shida. Sai Inna tana kuka a madafa, tana roƙon Allah kada ka tafi." Sagiru ya sunkuyar da kai.

Wata rana, ta talatin, ba wanda ya amsa. Sagiru ya ɗaure jakarsa. "Kwashe tarkacen nan, ka kai inda idona ba zai sake ganinsu ba." Nomau ya duba ko'ina, bai ga inda ya fi ƙwanƙolin tsauni ba. Ya hau da akwati da batir da eriya, ya jona su yadda ya saba gani. Sai ga murya tangaran tana kiran lambar Sagiru.

Nomau bai amsa ba. Ya gangaro a guje, ya cim ma Sagiru a bakin mota.

"Ana kiranka. Ni ba ni da izini."

Rana na dab da faɗuwa Sagiru ya kai sama yana haki, ya amsa kiran.

Da suka sauko, Inna ta riga ta kwance jakar. Nomau ya dafa ƙirji.

"Sagiru, yanzu in yi wanka?"