Tantin da Ya Tara Unguwa

Ba na jin zan taɓa mantawa da Talatar nan da Nana ta shigo gida a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. "Baba, Hajj Mas'ud ya ce ranar Alhamis za a tafi zarda, har da mu! Can za a kwana!" Zarda ita ce fitar da mutanen Sabha, garin da muka zo neman kuɗi muke zaune, suke yi da iyalansu bayan gari, a yi girki a kan rairayi, yara su yi ta birgima. Hajj Mas'ud dattijo ne, maƙwabcinmu a unguwar Sukra, yana da gona a Wadi Bawanis, can za a je. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kowane gida ya zo da tantinsa.

Lokacin wata tara ke nan da rasuwar Zainabu, matata. Ta bar mini Nana mai shekara shida da Habibu mai uku. Yayarta, Yaya Hadiza, tana aure a wata unguwa. Duk Talata takan zo ta yi wa Nana kitso, ta kuma leƙa tukunya ta ga ko ina ciyar da su. Tun bayan sadakar arba'in take cewa a mayar da yaran Damagaram wurin kakarsu, wai namijin da yake fita gini tun da safe ba zai iya riƙon yara ba. Ni kuwa in aka ɗauke su, ban san abin da zan tarar in na dawo gida ba.

Tana zaune a tabarma da mataji a hannu ta ji saƙon. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Baban Nana, kai za ka kai yara daji su kwana? Kai da na tarar ka sa wa Habibu wando gaba a baya?"

(Gaskiya ta faɗa, amma wandon ne ba shi da alama.)

Na ce, "Yaya, za ki gani." A raina na ɗaura niyyar samo tantin da in ta ji labarinsa za ta rufe maganar Damagaram.

Ranar Laraba ban je aiki ba, na shiga kasuwa. Wani mai shagon tantuna ya ɗauko wata jaka kamar matashin kai, ya zare wani abu ya cilla sama, sai ga tanti ya buɗe da kansa ya dira a ƙasa. Ya ce ga mai ƙananan yara wannan ya fi, ƙasansa a ɗinke yake da jikinsa, in aka ja zif kunama ba ta da hanyar shiga, ga kuma raga ta shan iska. Magana mai kyau ya yi. Na ji da kunne ɗaya, ta fita ta ɗayan.

Ni magini ne. Shekara goma sha huɗu ina ɗora bulo a garin nan, abin da ba ƙarfe a jikinsa ba na yarda da shi. Na taɓa sandunan, kamar tsinken tsintsiya. Na rarrafa na shiga, ƙafafuna suka rage a waje, wasu mata masu sayen bargo suna ta kallo. Na fito na kakkaɓe gwiwa na ce, "Wannan ai gidan sauro ne. In iska ta taso, da shi da Habibu za ta kwashe su sai garin Tamanhint." Ni tantin da zan miƙe tsaye in yi sallah a ciki nake so, wanda yara za su yi gudu ba su yi karo da bango ba.

Sai na tuna da masu ba da hayar manyan rumfuna, irin wadda a gida muke cewa bash. Na je wurin wani tsoho mai gilashi. Ya nuna mini iri biyu: ɗaya mai zanen furanni da fitilu masu launi, ɗaya kuma ruwan toka, ba ado ko kaɗan. Na kalli mai furannin, na hango Yaya Hadiza tana cewa ashe ko shekara ba a yi ba na fara shirin aure. Da sauri na nuna ruwan tokan na ce na iyalina ne, kuma yau nake so.

Tsohon ya cire gilashi, ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, ya ce Allah Ya ba ni haƙuri. Na ce amin. A watannin nan kowa haka yake ce mini, har mai burodi, bakina ya saba. Bai ƙara tambayata komai ba. Kafin azahar mota ta sauke mini ƙarafa da tamfal a ƙofar gida, har da kujerun roba da ban ce a kawo ba. Na ce a raina, kai, mutanen nan sun iya riƙe mai ciniki.

A sana'armu ba a kai kaya wurin aiki sai an gwada. Don haka na kira abokan aikina biyu, Illiya da Sani, muka kafa shi a ƙofar gida. Ya cinye titin tun daga bangonmu har bangon Hajj Mas'ud. Na girgiza ƙarfe, ko motsi. Na jera kujeru don in ga faɗinsa, yara suka shige suna ihu. Illiya da Sani suka tafi neman motar da za ta ɗauki kayan gobe. Ni kuma na zauna a bakin tantin, na zuba tagumi, ina lissafin yadda za a loda ƙarafa. Ka tuna da tagumin nan, ya taimaka wajen kashe ni.

Ana idar da la'asar sai ga Hajj Mas'ud yana tafe a hankali. Ya rungume ni, ya daɗe bai sake ni ba. "Azzamallahu ajrak, ya Usta." Usta suke ce wa mai sana'a, sauran kuwa gaisuwar ta'aziyya ce. Na ɗauka tunawa ya yi da Zainabu, na ce amin, na gode. Ya nemi kujera ya zauna.

Maƙwabci na biyu ya zo, haka. Na uku, haka. Na ce ikon Allah, yau unguwa ta tashi da tausayi. Wani ya kawo motarsa ya gindaya a bakin titi don kada a wuce. Wani ya kawo gas da butoci ya hau dafa shayi. Mata suka riƙa shigewa gidana da tukwane. Sai da liman ya iso, ya zauna kusa da ni, ya sunkuyo ya tambaya a hankali, "An yi wanka, ko sai an dawo daga asibiti?"

Wankan gawa yake nufi.

Na tashi na fita tsakiyar titi, na juyo na kalli abin da na kafa. A Sabha tanti ruwan toka a ƙofar gida, ba kiɗa ba fitila, ga kujeru a jere, ga mai gida ya yi tagumi, magana ɗaya yake faɗa. Za ka ce ai ya kamata in sani, tunda an kafa mini irinsa. An kafa, amma maƙwabta ne suka kafa, suka kuma kwance. Kwana uku na yi a ciki ina kallon ƙasa. Ban taɓa ganinsa daga waje ba.

Na buɗe baki zan yi bayani, sai ga wata a-kori-kura cike da 'yan'uwanmu masu aikin gona, labari ya riske su ta waya. Suka diro suna salati. Wani ɗan Maraɗi da ban fi sau biyu na gan shi ba ya kama ni yana kuka, yana cewa, "Haƙuri, babban yaya, haƙuri, Allah na gwada wanda Yake so." Ina cewa, "Tsaya, malam, tsaya ka ji," yana ƙara matse ni.

Sannan Yaya Hadiza ta iso. Ba takalmi, mayafi a karkace. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli liman ba, ta ratsa tsakiyar maza tana kira, "Nana! Habibu!" Wannan muryar kam ba na sa ta cikin abin dariya. Ta same su can ƙurya, sun jera kujeru shida sun yi mota, Habibu ne direba, bakinsa dam da dabinon da wani ya ba shi. Ta shafa kan wannan, ta shafa kan wancan, ta sake shafawa. Sannan ta zauna a kujerar fasinja.

Ta ɗago.

"Baban Nana, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Yaya."

"To wannan fa?"

"Na zarda ne. Gwadawa nake yi."

Hajj Mas'ud yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya nemi a fassara masa, aka fassara, ya ce a sake. Ya kalli rufin tantin, ya kalli ƙarafan, ya ce, "Ya Usta, mutum nawa ne a gidanka?" Na ce uku. Ya sa gefen rawaninsa ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa. Liman ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani ya yi ƙoƙari, amma shi ma ya kasa. Ɗan Maraɗin nan ya share hawaye ya ce, "To ni wa zai biya ni kukana?" Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja tamfal na rufe.

Ana cikin dariya Nana ta jawo rigata. "Baba, wannan irin na Mama ne ko? Na gane shi tun da aka sauke." Ta faɗa ne kamar yadda za ta ce ta gane motar wani. Na ce, "Irinsa ne." Ta ce to, ta koma mota.

Liman ya yi gyaran murya. Ya ce tunda an taru, abinci kuma ya riga ya hau wuta, a ɗaga hannu a yi wa mai ɗakin Usta addu'a. Aka yi. Aka ci taliya da nama, aka sha shayi zagaye uku. Kafin magariba mutum ashirin suka kwance abin da mu uku muka sha wahalar kafawa, kowa yana ba ni shawarar inda ake sayar da ƙananan tantuna. Wani ma ya ce in ina so ya raka ni, kada in dawo da masallaci.

Washegari na koma wurin mai jakar nan kamar matashin kai. Daga yadda ya miƙo ta na san labari ya riga ni zuwa. Mun je zarda. Ƙafafuna sun kwana a waje, yara sun kwana lafiya, kunama ba ta shiga ba. Abin da na koya shi ne, in mai sayar da kaya ya riƙe hannunka da hannu biyu yana ba ka haƙuri, tsaya ka tambaye shi me ka saya. Har yau in na ɗauko ko da tabarma ce zan shimfiɗa a ƙofar gida, sai Hajj Mas'ud ya leƙo ya ce, "Ya Usta, mu zo da kujeru?"

Yaya Hadiza kuwa, a ranar babban tantin nan, da za ta koma gida Nana ce ta ara mata silifas ɗin mahaifiyarta. Na raka ta bakin titi, da mota ta tsaya sai ta juyo gare ni.

"Ka kusa kashe ni yau."

"Ki yi haƙuri, Yaya."

"Duk wannan ƙarfe don yara biyu?"

"Na so su sami wurin gudu ne."

Ta ce, "Maganar Damagaram, za mu yi ta bayan Sallah."

Sallah ta zo ta wuce. Tana nan tana zuwa duk Talata, tana kitso, tana leƙa tukunya. Ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tambaya ba.