Man Hana Tsufa da Shinkafar Inna Jaratu

Yau da safe na fita sayen burodi, ban kai bakin titi ba maƙwabciyata Inna Jaratu ta tare ni da wata 'yar kwalba.

"Ilyas, kai da ka yi shekara tara a ƙasar sanyi, karanta mini Faransancin nan."

Na karanta. Man shafawa ne, wai an tatso shi daga ƙwayoyin furen wardin daji, yana miƙar da fatar da ta yamutse.

Ta saki kwalbar kamar garwashi. "Na shiga uku! So suke su raba ni da shinkafata."

Ga yadda abin yake. Duk gabanin azumi, wani kwamiti kan raba wa tsofaffin unguwarmu ta Briqueterie shinkafa. Inna ba ta da takardar haihuwa, don haka sakataren kwamitin fuska yake dubawa ya yanka mata shekaru. Wannan fuskar ce katinta. Bana shugaban kwamitin, Mai Girma Uban Tsofaffi, Allah ya ƙara wa motarsa tsawo, ya leƙa Turai ya dawo da tausayi a kwalba. Kowace tsohuwa ta dangwala yatsa ta karɓa.

Na raka ta ofishin kwamitin, ta dire kwalbar a tebur.

"Ɗan nan, duba, ko buɗewa ban yi ba. Ina buhuna?"

Sakatare bai ɗago ba. "Mama, rahoto ya riga ya hau sama. Duk wadda ta karɓi mai ta fita daga tsufa."

"Haƙorana uku. Zo ka ƙirga."

"Ba sashenmu ba ne."

Na yi masa bayani da Faransancin jami'a cewa ko masu man ba su yi alƙawarin haka ba. Ya yaba lafazina, ya nuna mana ƙofa.

A gaskiya a jinjina wa Mai Girma. Turawa na can suna ta bincike, shi kuwa da tawada ya kawar da tsufa a unguwa guda, ranar Talata.

A hanya Inna ta ba Haman tela kwalbar, ya ba ta kofi biyar na shinkafa. Ya ɗura man a keken ɗinkinsa da ya girme ni. Yanzu haka ina jin keken yana gudu kamar sabo. Kada dai kowa ya gaya wa sakatare, sai ya sa shi a rahoto.